Fakku Ta Fi Legas Buƙatar Majalisar Falsafa

A 'yan shekarun nan wata irin ƙungiya ta yaɗu a jami'o'in Najeriya, musamman na kudu. Matasa goma ko ashirin ne kan haɗu a wani aji bayan an tashi karatu, su zaɓi littafi guda su karanta, sannan su yi ta muhawara a kan abubuwa uku: cewa hujja ce ma'aunin magana, cewa kowane mutum shi ke da iko da kansa da guminsa, da kuma cewa kasuwa ta fi albarka idan hukuma ta rage tsoma hannu a cikinta. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Students For Liberty, da aka kafa a Amurka a 2008, reshenta na Afirka kuma ya tsaya da ƙafafunsa a 2013. Wasunsu Adam Smith suke karantawa, wasu Friedrich Hayek, wasu kuma Ayn Rand, marubuciyar nan haifaffiyar Rasha da ta ƙare rayuwarta a Amurka a 1982.

Duk ranar da wani matashin Arewa ya ɗauko irin wannan magana, a majalisar mai shayi ne ko a Facebook, amsar da zai samu sananniya ce. Za a ce masa falsafa ƙofar kafirci ce. Za a ce fifita mutum ɗaya rusa zumunci ne. Za a ce 'yancin kasuwa wata dabara ce ta masu kuɗi don su cinye talaka. Daga nan sai a rufe da cewa duk wannan surutun 'yan boko ne da suka ƙoshi, mutumin ƙauye ba shi da lokacinsa.

Ina jayayya da zarge-zargen nan huɗu, kuma na ƙarshen ya fi ba ni haushi. A ganina babu wanda ya fi buƙatar wurin da za a zauna a tambayi dalilin abubuwa kamar manomin Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe, ko ɗan kasuwar Tambuwal, ko matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli daga cikin gida a kudancin jihar Sakkwato. A rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kimanin kashi 91 cikin ɗari na mutanenta. Jama'ar da ke cikin wannan hali ba ta da abin da za ta yi asara idan ta fara tambaya. Masu asara su ne waɗanda shirunta ke ciyar da su.

Zargi na farko: wai hankali abokin gabar addini ne

Mai wannan zargi ya manta darasinsa na farko a zaure. Ɗalibin da ya buɗe Ummul Barahin ta Imamu Sanusi, littafin tauhidin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantarwa daga Timbuktu zuwa Borno, abin da zai fara cin karo da shi shi ne rabe-raben hukuncin hankali: abin da ya zama wajibi, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, da abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa. Kafin a koya masa siffofin Ubangiji sai an koya masa yadda ake gane magana mai warware kanta. Wannan aikin falsafa ne, ko da malamin bai kira shi da wannan suna ba.

Gardamar halaccin manɗiƙi ma ba yau aka fara ta ba, kuma mun san ɓangaren da malaman ƙasarmu suka bi. Jalaluddin Suyuɗi na Masar ya yi rubutu yana haramta shagaltuwa da manɗiƙi. Wanda ya mayar masa da martani cikin waƙe, yana kare wannan ilimi, shi ne Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili, malamin nan da ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya kuma rubuta masa nasiha kan mulki. Imamu Gazali, wanda ake yawan kafa hujja da shi wajen sukar masana falsafa, shi da kansa ya rubuta littattafan manɗiƙi, ya kuma sanya shi a matsayin gabatarwa ga littafinsa na usulul fiƙhi. Ibn Rushd, wanda Turai ta san shi da sharhin Aristotle, alƙalin Malikiyya ne a Kurɗuba, kuma Bidayatul Mujtahid ɗinsa na nan a kan kantar malamanmu har gobe.

Mu dawo gida. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafin Euclid da Larabci. Bello ya shaida masa cewa gidansu na da kwafe tun da farko, gobara ce ta cinye shi. Wato tun kafin zuwan Bature, gidan Shehu na karanta littafin da duniya ta ɗauka a matsayin abin koyi wajen gina hujja daki-daki. Jikan Shehu kuwa, Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan Nana Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya koyar a Salame, ya rubuta tarihi a Raudatul Afkar, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan hikima da ra'ayoyin masana falsafa, yana auna su yana karɓar wasu yana watsi da wasu. Heinrich Barth, da ya sadu da shi a 1853, ya sanya shi a sahun farko na masanan Sakkwato na wancan zamani. Tambuwal kanta Muhammadu Buhari ɗan Shehu aka ba riƙonta, malami mai waƙe da Larabci. Ƙasar da ta fitar da waɗannan mutane ba za ta ce tunani baƙo ne ba, sai dai ta ce ta yi sakaci da gadonta.

Sakacin kuwa yana da tsada. Ranar 12 ga Mayun 2022 wasu matasa suka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, ba alƙali, ba shaida, ba sauraron ba'asi, fadar Sarkin Musulmi kuma ta yi Allah wadai da abin. Fiƙihun da muke taƙama da shi ya cika da sharuɗɗan shaida da na hukunci, duk don a hana fushin taro ya zama kotu. Matashin da bai taɓa zama inda ake amsa magana da magana ba, duk ranar da magana ta ƙona masa rai, dutse zai nema.

Zargi na biyu: wai mutunta mutum ɗaya rusa zumunci ne

A nan akwai rikicin fassara. Idan aka ce mutum ɗaya na da daraja, masu suka kan ji kamar an ce kowa ya yi ta kansa, ya manta da iyaye da dangi. Abin da ake nufi ya fi haka sauƙi: mutum shi ne mai laifinsa, shi ne mai ladansa, shi ne mai dukiyarsa, kuma ba a sadaukar da shi don amfanin wani babba da sunan jama'a. Musulmi bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Aƙidarmu ta koya mana cewa hisabi kowa shi kaɗai zai tsaya, ba a kama ɗa da zunubin uba. Shari'a ta raba gado da sunan kowane magaji, ta ce sadaki na amarya ne, ta ce dukiyar mace tata ce ko da tana ƙarƙashin aure, miji ba shi da ikon taɓa ta sai da yardarta.

Al'adarmu ta noma ma ta san da haka. A tsarin gandu, 'ya'ya kan yi aiki a gonar gida ƙarƙashin maigida, amma kowane saurayi akan yanka masa gayauna, 'yar gonarsa ta kansa, wadda abin da ya samu a cikinta nasa ne. Magabata sun lura cewa hannu ya fi zafin nama a inda mai shi ya san amfanin zai shiga rumbunsa. Su ne kuma suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muhammadu Bello ya rubuta littafi sukutum, Tanbihus Sahib, a kan hukunce-hukuncen neman halali da darajar mai cin guminsa a kan mai zaman jiran sadaka.

Gayya da adashi da gudummawar biki, waɗanda ake nunawa a matsayin hujjar cewa mu mutanen tarayya ne, duk abubuwa ne da mutum ke shiga da ƙafarsa, ya kuma fita idan aka cuce shi. Taimakon juna na gaskiya sai tsakanin mutanen da kowannensu ke da abin kansa. Wanda ba shi da komai ba ya zumunci, maula yake yi.

Abin da ake kira jama'a a siyasarmu ta yau wani abu ne daban. Shi ne a tara ƙauye guda a ce ga wanda za ku zaɓa, an gama magana da manya. Shi ne a raba taliya da atamfa ana saura kwana biyu zaɓe, a sayi shekara huɗu na rayuwar mutum da abin da ba zai kai mako ba. Shi ne a mayar da saurayi mai ƙarfi ɗan banga, ana ba shi na ƙwaya, ana kiransa yaron wane. Duk wanda ke cin moriyar wannan tsari dole ya ƙi jinin ranar da talaka zai ce: ƙuri'ata tawa ce, gonata tawa ce, ra'ayina nawa ne. Sai ya fake da zumunci, alhali abin da yake karewa shi ne ubangidanci.

Zargi na uku: wai kasuwa maƙiyiyar talaka ce

Wanda zai yi wannan magana ya fara karanta Kitabul Farƙ, littafin da Shehu Usmanu ya bambance mulkin adalci da na zalunci. Kaso mai yawa na laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Hausa na zamaninsa laifuffukan tattalin arziki ne: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a biya wa mutum buƙata, tawasa da ake karɓa daga mahauta a kasuwa, kamuwa da ake yi wa dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki ba da izininsu ba. Jihadin 1804 yana da dalilai na addini da kowa ya sani, amma makiyayi da manomi da suka amsa kira sun ji wannan ɓangaren a jikinsu. Mai karatu ya ɗauki wannan jeri ya ajiye shi kusa da abin da direban motar albasa ke biya a shingaye tsakanin Tambuwal da Jega, ya ci gaba har Kontagora da Legas, ya gaya mini abin da ya canja ban da sunaye da kaki.

Tun kafin Shehu, hadisin Anas ya ruwaito cewa farashi ya tashi a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade shi, ya ƙi, yana tsoron kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddima cewa daula kan tara kuɗi da yawa da haraji kaɗan a farkonta, ta tara kaɗan da haraji mai yawa a ƙarshenta, kuma idan sarki ya shiga kasuwa yana saye da sayarwa, 'yan kasuwa kan karye, baitulmali ma ya biyo su. Ya rubuta wannan kusan shekara ɗari huɗu kafin Adam Smith ya fitar da littafinsa na arzikin ƙasashe a 1776.

Tarihinmu na kusa ya gwada maganar. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki auduga suke so a noma don masaƙun Ingila, sun yi shiri, sun kafa injinan gurza. Manoman Kano da fatake irin su Alhassan Dantata suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana iya cinta idan shekara ta yi muni, sai suka bi gyaɗa. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita ba umurnin wani ofis ba ne, lissafin dubban manoma ne da ba su taɓa shiga aji ba. Wannan shi ne abin da Hayek ya yi bayani a maƙalarsa ta 1945: ilimin da tattalin arziki ke gudana a kansa a warwatse yake a kawunan mutane, farashi ne ke tattara shi, kuma babu wani jami'i da zai iya haɗa shi a teburinsa.

Daga ƙarshen shekarun 1940 sai aka kafa hukumomin sayen amfanin gona, aka ce su kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga zuwa waje, su ne kuma ke yanka farashi. An ce don a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya ne. Abin da ya faru shi ne an riƙa biyansa ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ta tafi hannun gwamnati da 'yan siyasa. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya fallasa haka tun 1954, amma sai a 1986 aka rushe hukumomin, bayan fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur sun gama da abin da ya saura.

Sai batun ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, manomi kuma izinin zama kawai yake da shi a gonar da kakansa ya sare. Shekara biyu bayan haka, a Afrilun 1980, manoman Bakolori kusa da Talata Mafara, a tsohuwar jihar Sakkwato, suka tare hanya suna neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye. 'Yan sandan kwantar da tarzoma aka aika musu. Gwamnati ta faɗi adadin mamata kaɗan, masu bincike kuma suka ce sun kai ɗaruruwa. Ba kasuwa ce ta harbe su ba, aikin raya ƙasa ne da aka tsara musu daga sama.

Na baya-bayan nan kuwa kowa shaida ne. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Illela ba sai Disamban 2020. Shinkafa ta yi tsada, mai ɗan jari ya zauna, mai hanya kuma ya ci gaba da shigo da kayansa cikin dare. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, aka raba Sakkwato da Ƙonni, mutanen da ke auren juna suna cin kasuwa ɗaya tun kafin a ja layin iyaka. A Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, cikin 'yan watanni kuɗi suka ɓace. Wanda ke Abuja ya koma tura kuɗi ta waya. Mutumin ƙauyen da babu banki, wani lokaci babu ko layin waya, ya karyar da akuyarsa da buhun geronsa ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi a hannu. Shekaru kuma aka yi ana sayar da dala a farashi biyu, mai uwa a gindin murhu ya karɓa a na gwamnati ya juya ta a kasuwa ya zama attajiri bai samar da ko allura ba, abin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya riƙa faɗi a bainar jama'a tun 2016.

Za a ce mini: ga shi an cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023 da sunan kasuwa, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ina albarkar? Tambaya ce mai nauyi, kuma yunwar da aka sha gaskiya ce. Sai dai abin da aka yi shi ne an sakar wa talaka farashi, ba a sakar masa hanya ba. Shingaye na nan, takardun izini na nan, kariyar da ake ba wasu manyan kamfanoni daga gasa na nan, kuɗin da aka ce an tsimi kuma sun ƙaru a kason gwamnoni ba tare da talaka ya ga lissafi ba. Kasuwar da babba ke da kariya ƙarami ke da haraji ba ta cancanci a kira ta mai 'yanci ba. Gaisuwa ce da tawasa suka sake riga.

Inda almajiran Ayn Rand suka yi ɓatan kai

Kare majalisar tunani ba ya nufin haɗiye duk abin da aka karanta a cikinta. Ayn Rand ba ta yarda da samuwar Allah ba, ta ɗauki sadaukar da kai don wani a matsayin aibi, har ta sanya wa littafinta na 1964 suna mai yabon son kai. Matashin da zai shiga Kebbe da wannan a baki, shi kaɗai zai yi majalisarsa, kuma ba za a zalunce shi ba idan aka watse aka bar shi. Adam Smith da kansa, shekara goma sha bakwai kafin littafin arziki, littafin ɗabi'a ya fara rubutawa a 1759, inda ya gina halin kirki a kan tausayin da mutum ke ji wa ɗan'uwansa. Kasuwancin Bahaushe daga Jega zuwa Gwanja a kan amana ya tsayu: fatake na karɓar kaya bashi, mai masauki na tsaya wa baƙo, dillali na cin ladansa da sunansa. Ranar da amana ta mutu ciniki ma ya mutu. Haka nan zakka haƙƙin matalauci ce a cikin dukiyar mawadaci, kuma shari'ar da ta hana ƙayyade farashi da zalunci ita ce ta hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ta hana tauye mudu. Malaman Malikiyya sun ba hukuma damar shiga tsakani idan 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan jama'a.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa kasuwannin da muke yabo na ƙarni na 19 an sayar da mutane a cikinsu. Wannan tabo ne, kuma maganinsa shi ne ainihin ƙa'idar da ake zargi: mutum shi ke da kansa, ba haja ba ne.

Babban kuskuren masu cewa gwamnati ita ce matsala a kowane hali shi ne ba su kwana a inda babu gwamnati ba. Kebbe ta yi iyaka da Gummi ta jihar Zamfara, ta sha hare-haren 'yan bindiga, ƙasar Fakku na cikin wuraren da mutane suka bar gidajensu. A Zamfara da gabashin Sakkwato, irin su Sabon Birni da Isa, ƙauyuka sun riƙa tara miliyoyin naira suna kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Wannan haraji ne ba tare da asibiti ko makaranta ba. A wasiƙarsa ta Usulus Siyasa zuwa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Muhammadu Bello ya lissafa ayyukan shugaba: ya ƙarfafa masu sana'a, manoma da maƙera da marina da mahauta da sauransu, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya kula da hanyoyi da kasuwanni. Tsaro da shari'a da hanya, su ne aikin hukuma na asali. Abin takaicinmu shi ne hukumar da ta gaza tsare gonar manomi ita ce ke da ƙarfin tsayar da motarsa sau ashirin. A Satumban 2021, maganin da aka samo wa ta'addanci shi ne katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato da taƙaita cinikin dabbobi da na fetur. Ɓarawo na daji, hukunci na kan mai kasuwa.

Abin da majalisar za ta yi

Irin wannan zama ba sabon abu ba ne a Arewa. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yantaru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata a gidajensu. A farkon shekarun 1940 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun zauna a zauren tattaunawa na Bauchi, wanda bai yi tsawon rai ba saboda tambayoyinsa sun yi wa hukuma zafi. A Sakkwato, Shehu Shagari, malamin makaranta daga garin da ke maƙwabtaka da Tambuwal, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasa ta tattaunawa a tsakiyar shekarun 1940, irin ƙungiyoyin da suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A Amurka ma, Benjamin Franklin ya tara masu sana'a goma sha biyu a 1727 suna haɗuwa duk Juma'a da dare, daga zamansu aka samu ɗakin karatu na haɗin gwiwa a 1731. Manyan abubuwa sun sha fitowa daga tabarma ɗaya.

Majalisar Fakku ba ta buƙatar rajista ko tallafin wata ƙungiyar waje. Tana buƙatar malamin firamare, da ɗalibin zaure, da ɗan kasuwa, da manomi, da makiyayi, su yarda da ƙa'idoji kaɗan: ana sukar magana ba a zagin mai ita, wanda ya yi da'awa shi zai kawo hujja, shekaru da sarauta ba sa maye gurbin dalili, kuma kowa zai iya faɗin ra'ayin abokin jayayyarsa yadda shi abokin zai yarda kafin ya soke shi. Mata su yi tasu, kamar yadda 'yantaru suka yi. A karanta Kitabul Farƙ wannan wata, a karanta wani babi na Ibn Khaldun ko Smith wata mai zuwa, wanda ya iya Larabci ko Turanci ya fassara wa saura.

Sannan a sauko da karatun ƙasa. A riƙa rubuta farashin gero da dawa da albasa duk ranar kasuwa, a ga lokacin da yake faɗuwa da wanda yake tashi, a tambayi dalili. A ƙirga shingayen da ke tsakanin Kebbe da Tambuwal da abin da ake biya a kowanne. A tambayi rasit ɗin kowane kuɗin da ake karɓa a kasuwa da dokar da ta ba da izininsa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, Dokar 'Yancin Samun Bayanai kuma tana nan tun 2011. Majalisa na iya rubuta takarda cikin ladabi ta tambayi nawa ya shigo Kebbe a wata kaza, me aka yi da shi. Mutum ɗaya zai ji tsoron wannan tambaya. Mutum ashirin da suka saba tattaunawa, kowannensu ya san dalilin da ya sa yake tambaya, sun fi wuyar tsoratarwa.

Masu cewa ƙauye ba wurin falsafa ba ne su tuna cewa Degel ƙauye ne, Salame ƙauye ne, Sifawa ma ba birni ba ce lokacin da Shehu ya zauna a cikinta yana karantarwa yana rubutu. Ɗan jami'ar Legas na iya karanta Hayek don ya ci jarrabawa ko ya samu gayyatar taro a waje. Mutumin Fakku kuwa batun wa ke da gonarsa, wa ke da ikon karɓar kuɗinsa, da wa zai yanke masa farashin geronsa, shi ne batun ko iyalinsa za su kai damina mai zuwa da abinci a rumbu. Allah ya ba mu shugabanni masu jure tambaya, ya ba mu talakawa masu yin ta.